Jini a Rumfar Garmaho

Ladan ne ya fara ganin abin. Shi ladan ɗin, Malam Abdussalami, ya fito daga masallaci bayan sallar asuba, ya bi ta gefen fili, sai ya ga ƙyauren rumfar samari a buɗe. Ya leƙa. Garmaho babu. Tabarma a yamutse, jini ya yi baƙi a ƙasa, har ya shafi kusurwar batirin mota da ake kunna garmahon da shi. Maliki kuwa, wanda ya kwana gadi, babu shi babu labarinsa, sai takalmansa a bakin tabarma.

Ran nan ne kuma ranar wasa. A ƙauyen Hillar Gawo, kudu da Wad Madani a ƙasar Sudan, in an gama tsinkar auduga samari kan yi bikinsu na rawar titi. Waɗanda suka yi aiki a birni ne suka zo da ita, tare da wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudun dunduniya da gashi tsaye an soke matsefi a ciki. Mutum ya juya a kan dunduniya kamar mazari, ya zame, ya faɗi a tsage, ya miƙe ba tare da ya dafa ƙasa ba, abokinsa na riƙe da lasifika yana zuba masa kirari a kan kiɗa. A wannan shekara ta 1975 samarin Mairijiya, garin da ke ƙetaren tur'a, wato babbar magudanar ruwan noma, su ne za su zo karawa. Gawo tana da Maliki. Mairijiya tana da Ɗanjuma.

Jibo yana zaune ƙofar gida da jabana, butar gahawa, a gabansa, bai kai ga kurɓar gahawar ba, sai ga Hauwa uwar Maliki ta faɗo babu ko mayafi.

"Yaya Jibo, sun kashe min ɗa! Tashi, don Allah tashi!"

Jibo ya yi ƙuruciyarsa yana kiwon raƙuma da Larabawan daji, a can ya koyi bin sawu. Yanzu ya tsufa, yana noman 'yar gonarsa, sai in akuya ta ɓace a zo a kira shi. Ya ajiye kofi, ya ɗauki sandarsa.

"Wa ya ga gawa?" ya tambaye ta.

"Ba wanda ya gani."

"To kada ki yi masa kukan mutuwa tukuna."

*

Ya tarar da gari duka a bakin rumfa, an tattake ƙasa kamar an yi kasuwa. Usmanu, wanda shi ne na biyun Maliki a rawa, ya hau kan turmi da gora a hannu.

"'Yan Mairijiya ne! Jiya a kasuwa Ɗanjuma ya rantse garmahon nan ba zai yi waƙa yau ba. Kowa ya ji!"

Samari suka amsa da ihu. Shehu Alhasan, mai garin, ya ɗaga hannu har hayaniya ta lafa.

"Ba wanda zai ƙetare tur'a. Jibo, na ba ka zuwa la'asar. In ba labari, in aika Madani a turo bolis, 'yan sanda."

"Mu ba mu jiran bolis," in ji Usmanu. "La'asar na yi, mun ƙetara."

Jibo ya dubi ƙetaren tur'a. Ɗiyarsa Maijidda a Mairijiya take aure, can jikokinsa suke. Kuma ba shi kaɗai ba, rabin gidajen Gawo suna da jini a can. Ya san in gora ta sauka a kan mutum ɗaya yau, shekaru za a yi ana ramawa.

Ya bar taron, ya shiga kewaya rumfa daga nesa, yana faɗaɗa da'irar, kansa a sunkuye. Abu uku ya samu. Sawun ladan da sandarsa har sau biyu, ɗaya na asuba, ɗaya kuma tsoho wanda ƙwari suka riga suka bi ta kansa. A bayan rumfa, sawun takalmi mai tudun dunduniya wanda ba na Gawo ba. Sai kuma sawun wani babban mutum ba takalmi, ya nufi tur'a da gudu. Wannan na ukun a kan busasshiyar ƙasar auduga yake, mai tsattsagewa, ba ta riƙe surar yatsa, sai dai zurfi da tazara.

*

Ya sami ladan a inuwar masallaci yana jan carbi da sauri.

"Malam, ran Juma'a ka ce garmahon nan kogi ya dace da shi."

"Na faɗa, kuma ban janye ba."

"Jiya bayan isha'i mi ya kai ka rumfa?"

Carbin ya tsaya. Malam Abdussalami ya dubi hagu ya dubi dama, ya matso kusa.

"Jibo, wagga magana ta tsaya tsakaninmu. Muryata ta tafi. Mutanen bayan gari sun ce ba su jin kiran asuba. Na je ne in roƙi yaron, in an gama wasa ya ara mana lasifikar."

"Lasifikar shaiɗan?"

"Ƙarfe ne kawai, ya zol, mutumina! Abin da aka zuba masa shi yake faɗa." Ya share gumi. "Yaron ya yi dariya, ya ce ko yau in ɗauka. Yaro mai ladabi, wallahi. Amma da zan fito na ga mutum a bayan rumfa, mai irin wandon nan nasu. Da ya gan ni sai ya sulale."

Gidan da ya fi kusa da fili na Mati ne, makaɗin kalangu. Sa'an Jibo ne, tare suka yi samartaka. A da ba a aure ba a suna a garuruwan nan sai da shi. Jibo ya tarar da shi zaune a kan buzu, ya naɗe ƙafafu cikin jallabiya, kalangunsa na rataye a bango ya yi ƙura.

"Ka ji wani motsi da dare, Mati?"

"Tun da akwatin nan ya zo garin, wa ya tuna ina da kunne?" Ya tura wa Jibo kofin shayi. "Barci na yi."

"Ba ka zo bakin rumfa ba da safe."

"Ba na iya ganin jini." Sannan ya ce, "Ni na koya wa yaron nan tafi tun yana rarrafe. Allah dai ya sa yana numfashi."

"Amin," in ji Jibo, ya sha shayin a tsaye.

*

A Mairijiya ma labari ya riga shi zuwa. Samari na zaune gindin bishiyar bedi suna fiƙe sanduna. Maijidda ta tare shi a hanya da goyo a baya.

"Baba, in sun zo, ina zan kai yara? Mijina ya ce sai ya fita. Ƙanena kuma yana cikin 'yan Gawo."

"Koma gida ki ɗora tukunya," ya ce da ita, da muryar da shi kansa bai yarda da ita ba.

Ɗanjuma dogo ne, siriri, matsefi ja a gashinsa. Ya ce shi tun magariba bai fita ba. Jibo ya ce ya ɗaga ƙafa. Dunduniyar takalminsa ta hagu an yi mata faci da guntun taya.

"Facin nan na gan shi a bayan rumfar Gawo."

Abokansa suka daina fiƙa. Ɗanjuma ya ja Jibo gefe.

"Baba, na je. Amma ba abin da kake zato ba. An ce Maliki ya ƙirƙiro wani sabon juyi, yana ɓoye shi sai yau. Na leƙa ta zana in gani."

"Ka gani?"

"Na gani." Fuskarsa ta saki duk da tsoro. "Wallahi abin ya yi kyau. Ya juya, ya sauka a gwiwa ɗaya, ya taso da baya."

"Rantsuwar da ka yi a kasuwa fa?"

"Baki ne, Baba. Shi ma ya ce zai sa in koma tallar gyaɗa. Ni a fili nake son kayar da shi, gaban 'yan mata. In ba Maliki, da wa zan yi rawa?"

Jibo ya tuna abin da ya gani a bayan rumfa: sawun ya tsaya jikin zana, sannan ya yi wani ɗan kewaye, ga kuma shaidar gwiwa a ƙasa. Mutum ne ya gwada juyi a ɓoye ya kasa. Wanda ya zo zub da jini ba ya tsayawa koyon rawa.

"La'asar ka zo Gawo," ya ce.

"Su kashe ni?"

"In ba ka zo ba ne za su ce kai ne."

*

Saura sawun mara takalmi. Jibo ya koma ya kama shi daga inda taro bai tattake ba. Mutumin ya yi gudu da kaya mara nauyi sosai har bakin tur'a, ya kutsa cikin kyauro. Jibo ya bi, ya yaye ganye, sai ga garmaho. Ba a jefa shi ruwa ba. An shimfiɗa masa busasshiyar ciyawa a kan tudu, an jera faya-fayansa a gefe, an rufe don kada raɓa ta taɓa. Jibo ya daɗe yana kallo. Da ɓarawo ne, da ya yi gaba da shi. Da mai ƙiyayya ne, da ya farfasa.

Daga nan sawun ya tsaya, ya yi gaba kaɗan, ya dawo, sannan ya juya ya koma rumfa, da gudun da ya fi na farko.

Jibo ya sake kewaya rumfa ta gabas, sai ya ga inda mutumin ya sake fitowa. Wannan karon taku gajere ne, ƙafa na nutsewa, can ya durƙusa, can ya tashi. Kaya mai nauyi a baya. Jefi-jefi ɗigon jini a kan ciyawa. Hanyar kuma ta miƙe zuwa kogi.

Jibo ya ƙura wa hanyar ido. Ya taɓa bin irin wannan sawu a daji, ya kuma san inda ya ƙare. Ya riƙa tafiya yana salati, rana na dukan ƙeyarsa. A tsakiyar hanya garken awaki ya ratsa ya share komai. Ya yi ta kewayawa har gumi ya jiƙe masa riga, kafin ya sake tsinto ɗigo ɗaya a kan ganyen tumfafiya. Ya bi. Ya fara jin ƙamshin ruwa, ya hango gaɓa. Ya tsaya ya rufe ido, don bai son ganin inda sawun zai gangara.

Da ya buɗe, sai ya ga bai gangara ba. Ya karkata hagu, ya bi ta cikin lambun lemo, ya nufi bukkar Iya Rabi'atu mai ɗori.

Tun daga nesa ya ji murya.

"Iya, na ce miki na warke! Yau ne wasa!"

"Kwanta, ɗan nema. Ɗazu da ka tashi ba ƙasa ka sha ba?"

Jibo ya zauna a nan inda yake, a kan kunyar lambu. Ya cire rawani ya goge fuska, ya sake gogewa. "Alhamdu lillahi," ya ce, ya maimaita, har sai da numfashinsa ya daidaita.

Maliki na kwance a kan gadon igiya, an naɗe masa kai da tsumma, garin gahawa ya toshe raunin. Iya Rabi'atu tsohuwa ce tukuf, idonta ya yi hazo, ita kaɗai take zaune a lambun.

"Kafin asuba aka buga min ƙyaure," ta ce. "Na fito na yi tuntuɓe da shi. Na yi ta kira, wane ne, wane ne, ba a amsa ba. Da an bar shi a can, jini ne zai ƙare masa. Ina ta jiran mai wucewa in aika gari, sai kai."

Jibo ya tsuguna kusa da gadon. "Ɗana, wa ya yi maka haka?"

"Duhu ne, Baba. Na farka na ji ana ɗaukar garmaho, na cafki ƙafa, aka fizge, na faɗa kan batir."

"Wanda ya goyo ka fa? Hanya ce mai nisa. Ba ka farfaɗo ba ko sau ɗaya?"

Maliki ya juya fuska ga bango. "Ban ga kowa ba."

Jibo ya fita. Bayan wani lemo, daura da ƙofar bukka, ƙasa na da danshin ban-ruwa. A nan mutumin ya laɓe yana jira ya ga an buɗe an shigar da yaron. Ƙafar hagu ta kafe wuri ɗaya. Ta dama kuwa dunduniya na nan daram, amma ƙarƙashin babban yatsa akwai ɗan rami mai santsi kamar an danna ƙwai a laka, gefen ƙafar kuma ya yi wani gajeren zane. Yatsan ya yi ta dukan ƙasa, mai shi bai sani ba.

Jibo ya san ya sha ganin wannan rami, a bakin tabarma, a gidajen biki. Farin cikin da ya cika shi ɗazu ya ragu kaɗan. Ya zaro wuƙa ya yanko ƙasar a hankali, ya ari faranti wurin Iya ya ɗora, ya rufe da rawaninsa.

*

Hauwa ce Jibo ya fara nema. Yana cewa "Yana raye," ta zube ƙasa ta yi sujada a kan turɓaya, mata suka kaure da guɗa. Aka tura maza su ɗauko Maliki a gadonsa, wasu suka ɗauko garmaho daga cikin kyauro.

Amma guɗar ba ta kashe wutar ba. La'asar ta yi, 'yan Mairijiya sun tsaya a kan gadar tur'a da sandunansu, 'yan Gawo sun tsaya a bakin fili.

"Yana raye, mun gode Allah," in ji Usmanu. "To wa ya fasa masa kai? Kada Baba Jibo ya rufe mana ido don surukansa na can."

Jibo ya san za a faɗi haka. Ya ce a share tsakiyar fili, a yayyafa ruwa. Ya ce a haɗa garmaho da batir. Sannan ya kira sunaye: Malam Abdussalami, Ɗanjuma, Mati.

"Da kai, Usmanu."

"Ni?"

"In babu Maliki, wa zai shige gaban Gawo?"

Usmanu ya ajiye gora ya fito. Ɗanjuma ya ƙetaro gada shi kaɗai. Jibo ya sa su huɗun suka tuɓe takalma, suka jeru a kan danshi.

"Ba abin da za ku yi. Ku tsaya kawai, kada wanda ya motsa sai na ce."

Aka ɗora faifai. Kiɗa ya ɓarke daga lasifika, ganga da jita mai kauri, irin wanda ke shiga ƙirji. Ɗanjuma ya dage, ya cije leɓe, amma dunduniyarsa ta fara ɗagawa tana sauka. Usmanu ya riƙa sauya ƙafa. Ladan ya ƙame kamar turke yana istigfari, sai dai wasu mata sun rantse daga baya cewa sun ga sandarsa tana ɗan lilo. Mati ya harɗe hannu a baya, idonsa na kan garmaho, fuskarsa ba ta nuna komai.

Jibo ya bari waƙar ta yi nisa, sannan ya ɗaga hannu aka tsayar.

"Kowa ya ja da baya. Shehu, zo ka duba da idonka. Usmanu, kai ma. A kira dattijo ɗaya daga Mairijiya."

Ya yaye rawani daga farantin, ya faɗi inda ya yanko ƙasar. Ya bi sawu ɗaya bayan ɗaya yana ajiye farantin a gefe. Na ladan shafe yake sumul. Na Ɗanjuma ramin a dunduniya yake. Na Usmanu ya cakuɗe. Da ya zo na huɗu, na Mati, ya ajiye farantin dab da shi. Ga ramin ƙarƙashin babban yatsa, ga gajeren zanen a gefe, kamar an buga su da hatimi ɗaya.

Mati ya dubi ƙafarsa kamar ta wani ce.

"Shekara da shekaru ina hana ta," ya ce a hankali. "Ba ta ji."

"Mati," in ji Shehu Alhasan, "kai?"

"Ni ne, Shehu." Ya durƙusa. "Ɓoye shi kawai na so yi, zuwa gobe. Na ce in sun rasa akwati, dole wani ya zo ƙofata ya ce, Baba Mati, zo ka kaɗa mana. Sau ɗaya kawai. Ban san yaron na ciki ba. Na gudu, na kai tur'a, ƙafata ta ƙi gaba. Da safe na so in faɗa, sai na ga gorori, tsoro ya kama ni."

"Ka bari mu kusa kashe juna!" Usmanu ya daka tsawa, ya waiga neman gorarsa. Wasu samari suka matso.

"Usmanu, tsaya nan!"

Maliki ne, a kan gado, maza sun sauke shi a bakin fili, uwarsa na riƙe da hannunsa. Ya yunƙura ya tashi zaune.

"Faɗuwa na yi, bai buge ni ba. Na farfaɗo a bayansa, ina jin yana haki yana kuka yana kiran sunana. Ya faɗi da ni ya tashi, ya faɗi ya tashi. Ku dubi tsufansa ku dubi girmana. Wanda ya taɓa shi, ni ya taɓa."

Shehu ya dubi Hauwa. "Jinin ɗanki ne. Mi kika ce?"

Hauwa ta daɗe tana kallon Mati. "Ka ba ni wuya yau, Mati. Ba zan manta ba." Ta ja numfashi. "Amma kai ka kai shi inda aka ceto shi. Ba na son bolis."

Shehu ya yanke cewa Mati zai riƙe wa Hauwa aikin gonarta har Maliki ya warke, ya kuma je Mairijiya gida-gida ya nemi afuwa. Dattijon Mairijiya ya ce sun karɓa. Sannan Shehu ya juya ga Usmanu ya tsura masa ido. Usmanu ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya je ya miƙa wa Ɗanjuma hannu. A kan gada aka ji sanduna na faɗawa ruwa ɗaya bayan ɗaya.

Mati ya miƙe zai wuce gida, kansa a ƙasa.

"Baba Mati," Maliki ya kira shi. "Akwai wani wuri a faifan nan da mawaƙi ke yin shiru, ganga kaɗai ta rage. Nan ne muke zuba rawa ta gaske. Amma gajere ne, kafin mutum ya yi juyi biyu ya wuce. Za ka iya ja mana shi?"

Mati ya tsaya. "Kiɗan nan naku ba shi da kan gado."

"Za ka iya ko ba za ka iya ba?"

Tsohon ya share ido da hannun riga. "A ɗauko min kalangu."

*

An fara wasa rana ta yi sanyi. Mutanen Mairijiya suka ƙetaro da matansu da 'ya'yansu, masu shayi suka hura wuta, 'yan mata suka yi da'ira suna tafi. Aka sa faifai, da aka zo wurin da ganga kaɗai ta rage sai aka ɗage allura, Mati ya cafe kiɗan daga nan bai bari ya faɗi ba. Da farko ya bi shi yadda yake. Can sai ya fara murɗa shi, kalangu na magana a ƙarƙashin hammatarsa, yana kiran sunan kowane mai rawa da na ubansa. Samari suka haukace. Usmanu ya zame daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗanjuma ya gwada juyin da ya leƙo, ya sauka da ɗuwawu, Maliki ya yi dariya har ya dafe kai, uwarsa na yi masa faɗa. Har aka tashi ba a daidaita kan wanda ya ci ba, kowane gari ya ce shi ne.

Da aka kira magariba mutane suka watse alwala. Jibo ya rage a fili, gajiyar yini ta sauko masa a gwiwa. Saboda sabo ya sunkuya yana duban ƙasa. Dunduniya a kan dunduniya, tafin ƙafa a kan gwiwa, na yara, na mata, na Gawo, na Mairijiya, duk sun cuɗe. Ya yi ƙoƙari ya tsamo sawun mutum ɗaya ya bi shi, ya kasa.

"Baba, mi kake nema kuma?" Maijidda ce, da ƙwaryar tuwo a ka.

"Babu," in ji Jibo. Ya miƙe, ya karɓi jikansa daga bayanta, ya saɓa shi a kafaɗa.